Ginshiƙan dokar laifuka: ta ina ɗalibi zai fara?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne, bana muka fara darasin dokar laifuka. Na haddace ma'anar sata da fashi da kisan kai, amma da zarar an ba mu labari aka ce mu faɗi ko wane yana da laifi, sai kaina ya ɗaure. Waɗanne ƙa'idoji ne ya kamata in riƙe?

Amsa: Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka fara daga rassa. Sata da fashi da kisan kai kowanne yana da sashensa a kundin doka, amma dukkansu a kan 'yan tambayoyi kaɗan suke tsaye, kuma tambayoyin suna da jeri. Akwai dokar da ta hana abin? Mutumin ya aikata? Aikinsa ne ya jawo ɓarnar? Me ke zuciyarsa sa'ad da yake yi? Wa zai kawo hujja? Yana da uzurin da doka ta yarda da shi? Alƙali ba ya tsallake ɗaya, kai ma kada ka tsallake. Yawancin misalan da zan kawo daga kotunan Ingila suke, domin su ake karantarwa a ƙasashen da suka gaji tsarinta, amma kullum ka riƙa komawa ga kundin ƙasarka, shi ne ke da maganar ƙarshe a kotu da kuma a jarrabawa.

Kafin komai, ka raba shari'ar laifi da ta neman haƙƙi. A ta laifi hukuma ce ke gurfanar da mutum, abin da ake nema kuwa horo ne: ɗauri, tara, wasu wurare har kisa. A ta neman haƙƙi mutum ne ke ƙarar mutum, yana neman diyya ko a mayar masa da abinsa. Mari ɗaya yana iya haifar da duka biyun, kowacce da ma'auninta.

Ƙa'ida ta farko ita ce babu laifi babu horo sai da dokar da ta riga aikin. Masanin shari'a na Jamus Feuerbach ne ya tsara ta a taƙaice a 1801, bayan Beccaria ɗan Italiya ya yi ta kira gare ta tun 1764. Yau tana cikin sashe na 11 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, da sashe na 15 na yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa ta 1966. Ba a yin doka yau a kama wanda ya yi abin jiya. Ba a ɗora wa mutum horon da ya fi wanda ke aiki ranar da ya yi laifin, amma idan an sassauta horon daga baya, yana cin moriyar sassaucin. Idan kalmomin dokar suna ɗaukar fassara biyu kuma an rasa mai rinjaye, wadda ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma ake ɗauka. A shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 a Najeriya, kotun gargajiya ta kama wata mata da laifin zina, babbar kotu ta soke hukuncin domin babu rubutacciyar dokar da ta mayar da hakan laifi a wurin. Kotun ba ta ce abin da matar ta yi yana da kyau ba. Nan ɗalibai ke fara zamewa: su ga abu mummuna su ce laifi ne, ba tare da sun nuna sashen da ya hana ba. Amsar da ba ta ambaci sashe ba, wa'azi ce.

Da ka sami sashen, sai ka farfasa shi gida biyu: aikin da ake gani, wanda littattafai ke kira actus reus, da halin zuciya, wato mens rea. Tunani kaɗai ba laifi ba ne, ko mutum ya kwana yana ƙulla yadda zai kashe maƙwabcinsa. Aikin kuma dole ya zama da zaɓin mai yi. Direban da farfaɗiya ta kama ba zato ya buge mutum bai yi aiki ba a idon doka. Amma idan ya san yana da ciwon, likita ya hana shi tuƙi, ya hau mota, to aikinsa shi ne hawan motar, kuma da zaɓinsa ya hau.

Rashin yin abu fa? A tsarin Ingila, wanda ya ga yaron da ba nasa ba yana nutsewa a ruwa, ya tsaya yana kallo, bai yi laifi ba, komai munin halinsa. Sai idan akwai wani nauyi a kansa. Nauyin yana zuwa ta dangantaka, kamar uba da ɗansa, shi ya sa aka kama Gibbins da Proctor, wato wani uba da matar da yake zaune da ita, da kisan kai a 1918 bayan sun bar 'yarsa mai shekara 7 ta mutu da yunwa. Yana zuwa ta aiki, kamar Pittwood mai gadin ƙofar titin jirgin ƙasa da ya bar ta a buɗe a 1902 jirgi ya kashe mutum. Yana zuwa idan kai ka ɗauki nauyin kula da wani da kanka, ko kai ka haddasa haɗarin. Miller ya yi barci da taba a hannu a gidan da ba nasa ba, ya farka ya ga katifa tana hayaƙi, sai ya tashi ya koma wani ɗaki ya ci gaba da barcinsa. A 1983 aka tabbatar masa da laifin ƙona gida, domin wanda ya kunna wuta ko da kuskure, kashe ta ko neman agaji ya hau kansa da zarar ya gani. Faransa ba ta bi wannan hanya ba. Sashe na 223-6 na kundinta ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 ga wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗari alhali zai iya ba tare da ya jefa kansa ko wani a haɗari ba. Saboda haka kada ka ɗauka ƙa'idar Ingila ita ce ta duniya.

A laifukan da sai an sami sakamako, kamar kisa da rauni, dole a nuna aikin ne ya jawo sakamakon. Mataki biyu ne. Na farko ka tambaya: ba don aikinsa ba, da abin ya faru? A 1910 White ya zuba wa mahaifiyarsa guba a abin sha, aka same ta a mace, likitoci suka gano bugun zuciya ne ya kashe ta. Niyyarsa cikakkiya ce, gawa kuma ga ta, amma ba a kama shi da kisan kai ba sai da yunƙurin kisa. Mataki na biyu ya fi wuya: shin aikinsa yana nan a matsayin babban sanadi, ko wani abu ya shigo tsakani ya yanke igiyar? Kwatanta shari'u biyu. A ta Smith, 1959, soja ya soki ɗan'uwansa soja, masu ɗaukarsa zuwa wurin likita suka yar da shi sau biyu a hanya, likitan kuma bai gane huhu ya huje ba ya yi masa maganin da bai dace ba. Duk da haka aka ce Smith ne ya kashe shi, domin raunin wuƙar yana nan yana aiki har ya cika. A ta Jordan, 1956, raunin ya kusa warkewa, sai aka ci gaba da ba majinyacin maganin da an riga an ga jikinsa ba ya karɓa, aka kuma ɗura masa ruwa fiye da kima. Nan aka ce asibiti ne sanadi. Kotuna ba sa son bin Jordan, kuma suna da gaskiya, domin wanda ya kai mutum gadon asibiti da wuƙa bai kamata ya tsira don likita ya yi kuskure irin na yau da kullum ba.

Haka kuma ba ka da ikon zaɓar lafiyar wanda ka cuta. Idan ka mangare mutum ashe ƙoƙon kansa ba shi da ƙwari ya mutu, mutuwar tana wuyanka. A 1975 aka faɗaɗa wannan har ga aƙida: Blaue ya soki wata budurwa, ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda addininta, ta rasu, kotu ta ce shi ne sanadi.

Halin zuciya shi ne inda ake cin jarrabawa ko a faɗi, don haka bari mu zauna a kansa. Ɗauki mutum a saman bene yana riƙe da bulo, bulon ya faɗo ya kashe mai wucewa. Aiki ɗaya ne, gawa ɗaya, amma hukunci yana iya zama kala huɗu. Idan ya hango mutumin, ya auna kansa ya saki, wannan niyya ce. Idan ba ya nufin kowa, amma ya san hanya ce da mutane ke bi, ya ga yiwuwar ya sami wani, ya ce oho ya jefa, wannan ganganci ne. Idan tunanin haɗarin bai ko zo masa ba, alhali duk mai hankali da ke wurin zai yi tunaninsa, sakaci ne. Idan kuwa ya killace wurin, ya sa mai tsaron hanya, igiya mai kyau ta tsinke ba zato, tsautsayi ne, babu laifi. Aikinka a kowace tambaya shi ne ka duba wane mataki sashen yake nema, sannan ka nemo shi a cikin labarin.

Kada ka haɗa niyya da dalili. Niyya ita ce abin da mutum ya so ya faru, dalili kuwa shi ne abin da ya sa yake so. Wanda ya saci kuɗi don ya biya wa mahaifiyarsa asibiti yana da niyyar sata cikakkiya. Dalilinsa sai a wajen yanke horo alƙali zai saurare shi. Akwai kuma niyyar da ba ta kai tsaye ba: mutum ya dasa bam a jirgin sama don ya karɓi kuɗin inshorar kayansa, ba ya fatan kowa ya mutu, amma ya san babu makawa za su mutu. A shari'ar Woollin ta 1998, mutumin da ya yi jifa da jaririnsa ɗan wata 3 cikin fushi, kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta ce ana iya samun niyya idan mutuwa ko mummunan rauni kusan tabbas ne, kuma shi mai aikin ya san haka. Ka lura da sharaɗin: kusan tabbas. Ganin cewa abu yana iya faruwa, ko da da ƙarfi, ganganci ne, bai kai niyya ba. Saboda alƙalin farko ya sassauta wannan ma'auni ne aka mayar da hukuncin Woollin zuwa kisan da ba na niyya ba.

Ganganci ma an sha fama da shi. A 1957 Cunningham ya ɓalle mitar gas daga bango don ya kwashe kuɗin ciki, gas ya tsiyaya zuwa gidan da ke jikinsu ya kusa halaka wata mata. Kotu ta ce sai an nuna shi kansa ya hango haɗarin. A farkon shekarun 1980 shari'ar Caldwell ta juya ma'aunin zuwa abin da mai hankali zai hango, aka yi ta kama yara da masu ƙarancin fahimta da haɗarin da ba za su taɓa iya gani ba. Sai a 2003 aka gyara, a shari'ar wasu yara biyu masu shekara 11 da 12 da suka kunna wa jaridu wuta a bayan wani kanti, suna zaton za ta mutu da kanta, ta ci dukiyar kusan fam miliyan 1. Aka sallame su, aka koma ga abin da mai aikin ya gani da kansa. Sakaci kuwa ba kasafai yake isa laifi babba ba, sai ya yi muni ƙwarai. Misalinsa Adomako, likitan sa barci da bututun numfashin majinyaci ya cire ana tsakiyar aikin ido, mintuna suka shuɗe bai lura ba har zuciyar ta tsaya. A 1994 aka tabbatar masa da kisan da ba na niyya ba.

Za ka ce ta yaya ake sanin abin da ke zuciyar mutum? Daga abin da ya yi. Wane makami ya ɗauka, daga gida ya zo da shi ko a wurin ya tsinta, ina ya sara, sau nawa, me ya faɗa kafin nan, me ya yi bayan nan. Wuƙa a ƙirji sau uku tana magana da kanta. Naushi ɗaya a kafaɗa ba ya nuna niyyar kisa ko da mutumin ya faɗi ya fasa kai.

Akwai ƙananan laifuka da doka ba ta neman halin zuciya a cikinsu, galibi na hanya da tsaftar kayan masarufi da gurɓata muhalli. Amma shirun doka ba ya nufin an cire shi. A shari'ar Sweet da Parsley ta 1969, malamar da ta ba da hayar gida 'yan haya suka riƙa shan wiwi ba da saninta ba, kotu ta ce a laifi mai zubar da mutunci ana ɗauka majalisa tana nufin a nemi sani, sai in ta faɗi akasin haka.

Aikin da zuciyar kuma dole su haɗu a lokaci ɗaya. Wanda ya buge mutum da mota bisa tsautsayi, ya fito ya ga ashe maƙiyinsa ne ya yi murna, murnar ba ta mayar da shi mai kisan kai. Sai dai kotuna ba sa barin a yi wasa da wannan. A shari'ar Thabo Meli ta 1954, daga ƙasar da yau ake kira Lesotho, mutane sun yi wa wani dukan kisa, suka zaci ya mutu, suka gangarar da shi daga kan dutse, sanyin waje ne ya ƙarasa shi. Suka ce lokacin da suke da niyya bai mutu ba, lokacin da ya mutu kuma gawa suke zaton suna jefarwa. Kotu ta ce duk shiri ɗaya ne, ba a yanka shi gunduwa-gunduwa. Niyya tana kuma bin makami: Latimer ya kai wa wani duka da bel a 1886 ya sami wata mata, aka kama shi. Amma ba ta tsallaka daga nau'in laifi zuwa wani. Pembliton ya jefi mutane da dutse a 1874 ya fasa taga, aka soke hukuncin ɓarnar dukiya domin mutane ya nufa.

Duk waɗannan, mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da su, ɗaya bayan ɗaya, har ya kawar da duk wata shakka mai ma'ana. Woolmington ya harbe matarsa, ya ce bindigar ce ta tashi da kanta sa'ad da yake barazanar kashe kansa don ta dawo gida. Alƙali ya ce tunda ya amsa shi ya harba, shi zai tabbatar kuskure ne. A 1935 aka soke hukuncin kisan da aka yanke masa, aka kafa cewa ba aikin wanda ake tuhuma ba ne ya wanke kansa. A shari'ar neman haƙƙi rinjaye kaɗan ya isa, a ta laifi bai isa ba. Wanda ya karanta fiƙihu zai tuna ƙa'idar kawar da haddi saboda shubuha, tunanin kusan ɗaya ne.

Wannan ya shafi kariya kai tsaye. A yawancinsu wanda ake tuhuma zai kawo ɗan abin da ya isa a ɗauki maganar ne kawai, daga nan mai gabatar da ƙara ne zai rushe ta. Kare kai yana da sharaɗi biyu, wato ƙarfin ya zama dole, kuma ya yi daidai da barazanar. Ba a sa ran wanda aka zare wa adda ya tsaya yana awo, amma bin ɓarawon da ya riga ya juya da gudu a sare shi ramuwa ce. Tursasawa, wato a ce yi kaza ko a kashe ka, tana wanke laifuka da yawa amma ban da kisan kai, kamar yadda aka jaddada a shari'ar Howe a 1987. Larura ma haka. A 1884 jirgin ruwan Dudley da Stephens ya nutse, suka yi kwanaki a ƙaramin kwalekwale ba ci ba sha, suka yanka yaron jirgin ɗan shekara 17 don su rayu. Aka yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin wata 6. Kotu ta tausaya, amma ta ƙi yarda mutum ya zaɓi wanda zai mutu domin shi ya rayu.

Taɓin hankali shi ne ya fita daban, domin wanda ya kawo shi ne zai tabbatar, da ma'aunin rinjaye. Ƙa'idar ta samo asali daga M'Naghten, wanda ya harbe sakataren Firayim Minista Robert Peel a 1843. Ba ta tambayar ko mutum yana da ciwo a wurin likita, tambayarta ko ciwon ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa ba daidai ba ne, a daidai lokacin aikin. Mutum yana iya zama majinyaci na shekaru ya kasa cika wannan sharaɗi. Maye da mutum ya jawo wa kansa ba uzuri ba ne, iyakarsa ya nuna bai iya ƙulla wata keɓantacciyar niyya ba, sai laifin ya sauko mataki. Tunzurawa ma saukarwa take yi, ba ta wankewa. Jahiltar doka ba ta kare kowa, amma kuskure game da haƙiƙanin abu yana iya karewa: wanda ya ɗauki jakar wani yana zaton tasa ce ba shi da niyyar sata. Shekarun ɗaukar alhaki kuwa sun bambanta ƙwarai, 10 a Ingila, 14 a Jamus, don haka duba naka kundin.

Saura laifin da bai kammala ba da kuma na taron mutane. Yunƙuri yana farawa ne inda shiri ya ƙare: sayen guba shiri ne, zuba ta a kofi yunƙuri ne. Ko abin ba zai yiwu ba ana iya kama mutum, kamar Shivpuri a 1986 da ya ɗauki akwati yana zaton miyagun ƙwayoyi ne a ciki ashe garin ganye ne. Haɗin baki yana cika da zarar an yi yarjejeniya, ko ba a ɗaga ƙafa ba a wasu ƙasashe, wasu kuma sai an ga wani mataki. Ana cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, amma kotu ba ta aiki da wannan. Tsayuwa a wurin kaɗai ba ta isa ba, sai an nuna mutum ya taimaka ko ya zuga, kuma da nufin yin hakan. A 2016, a shari'ar Jogee, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce hango cewa abokin tafiyarka yana iya yin kisa hujja ce da za a auna, amma ita kaɗai ba ta zama niyyar taimaka masa ba. Wanda kuma ya shiga shiri ya so fita, guduwa a ɓoye ba ta fitar da shi. Sai ya sanar da sauran a fili tun kafin a fara, idan kuma ya riga ya ba da mabuɗi ko makami, ya yi abin da zai warware taimakon nasa, ko da kai rahoto ga 'yan sanda ne.